Rawar 'yan zuhudun Hindu daban take da ta fim

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rawar da muke gani a finafinan Indiya ita ce masu ibadar Hindu suke yi a wuraren bautarsu. A'a, hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Misalin da na fi sani shi ne na jihar Assam, a arewa maso gabashin Indiya. Can akwai gidajen zuhudu da ake kira satra, waɗanda suka samo asali daga koyarwar Sankardev, malamin da ya rayu daga 1449 zuwa 1568. Da yawansu suna tsibirin Majuli, a tsakiyar kogin Brahmaputra. Mazauna gidan, bhokot, wasunsu ba sa aure har abada, kuma tun suna ƙanana ake kai su su koyi kiɗa da rawa, kamar yadda ake kai yaro gaban malami.

Waƙoƙinsu sunansu Borgeet, na yabon Krishna ne, wato ɗaya daga cikin allolin Hindu, Sankardev da almajirinsa Madhavdev suka tsara su. Ana rakiyarsu da ganga mai baki biyu, khol, da wasu faifan tagulla da ake gwarawa. Rawar kuwa, Sattriya, a gun su ibada ce, ba nishaɗi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki: da can babu mace a ciki, maza ne ke shigar mata su fito a matsayin makiyayan da ke kewaye Krishna.

Sai a shekarar 2000 hukumar kula da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo ta Indiya, Sangeet Natak Akademi, ta sanya Sattriya cikin manyan raye-rayen gargajiyar Indiya. Yanzu mata ma suna yin ta a dandamali.