Amsa kan kwafar rubutu da rashin fitowa a Google

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana kwaso labarai daga BBC Hausa da Aminiya kana zubawa a shafinka, kana ɗan sauya kanu, amma ba ka fitowa a binciken Google, ga AdSense, tsarin Google na saka talla a shafi ana biyan mai shi, sun ƙi karɓar ka, shi ne kake tambaya ko hukunta ka aka yi. Na daɗe a wannan harka, ga abin da na sani.

Galibi ba hukunci ba ne. Tun 2008 Google ta fito fili ta ce ba ta horar da shafi don kawai rubutunsa ya yi kama da na wani. A 2013 ma Matt Cutts, wanda ke jagorantar yaƙi da shafukan bogi a kamfanin a lokacin, ya ce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na abin da ke intanet maimaici ne. Abin da take yi shi ne, idan ta tarar da rubutu ɗaya a wurare goma, sai ta haɗa su rukuni guda, ta ɗauki ɗaya ta nuna, ta ajiye sauran. To tsakani da Allah wa za ta ɗauka, kai ko gidan jaridar da ya riga ka wallafawa, ya kwashe shekaru yana aiki, dubban shafuka na nuni zuwa gare shi? Tsallake ka kawai ake yi. Kuma mayar da "ya ce" zuwa "ya bayyana cewa" ba ya ruɗar ta, domin gangar jikin labarin tana nan yadda take.

Inda abin ke zama hukunci na gaske shi ne idan shafin gaba ɗayansa kwashe-kwashe ne. A watan Fabrairun 2011 mutanen Google suka fito da wani tsarin tantance shafuka mai suna Panda, wanda ya durƙusar da shafukan da ke tara rubutu marar amfani. A Maris ɗin 2024 kuma suka ƙara tsaurara doka kan masu zubo ɗaruruwan rubutu don neman matsayi kawai, ko da hannu aka yi su ko da ƙirƙirarriyar basira. Idan shafinka ya faɗa wannan sahu, har ɗan abin da ka rubuta da kanka sai ya sha wahalar tasowa.

Ka shiga Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa yake a bincike, ka duba adiresoshin da ba a saka a rumbun bincike ba. Idan ka ga an ce an ziyarci shafi amma ba a ajiye shi ba, ko an ce maimaici ne, ka ga amsarka da idonka. Wani lokacin ma kai ne kake maimaita kanka ba ka sani ba: adireshi mai www da marar shi, http da https, ko mai ?m=1 a ƙarshe idan a dandalin Blogger ka buɗe shafinka. Wannan mai sauƙi ne, alamar rel=canonical, wadda ke gaya wa Google wane adireshi ne na asali, da turawa ta 301, wadda ke mayar da mai ziyara daga wani adireshi zuwa na asalin dindindin, suna magance shi.

Abin da ke ci min rai shi ne, mu masu rubutu da Hausa muna da damar da mai Turanci ba shi da ita, amma muna wasa da ita. Fili ne fetal ba kowa. Rubutun da ya fi kawo min baƙi har gobe shi ne wanda na yi kan adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, ba tare da zuba magani ba. Na zauna da wani dattijo mai sayar da hatsi, ya nuna min yadda ake matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban, da yadda ake hura ledar tun farko a duba ko ta huje. Na ɗauki hotuna da wayata, na rubuta yadda ya faɗa. Duk kaka sai mutane su yi ta shigowa, domin babu inda za su sami wannan bayani da harshensu. Haka farashin masara a Dawanau idan kai ka je ka tambayo, ko matakan cike wani fom da kai ka cike da hannunka.

Wancan rubutun ma an kwafe min shi, har da hotunan. Irin abin da ake yi wa marubutan littattafan Hausa ke nan, a kwaso wahalar baiwar Allah daga WhatsApp a watsa a shafuka barkatai, ko izininta ba a nema ba. Hakki ne, kuma ba ƙarami ba. Idan ya same ka, ka fara yi wa mai shafin magana, in ya ƙi ji ka cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na Google, suna cire kwafin daga bincike. Ka kuma saba da neman a saka sabon rubutunka ta Search Console da zarar ka wallafa, don a fara ganin naka.

Labaran da ka kwaso kuwa, ka goge su. In akwai wanda kake da ƙarin bayani a kansa daga garinku, ka sake rubuta shi daga tushe, ka ambaci inda ka fara gani. Kada ka yi gaggawar komawa AdSense, ka bari sai shafin ya cika da naka na kanka, domin farfaɗowar tana ɗaukar watanni.