Jiragen Ƙarƙashin Teku Masu Nukiliya: Me Ake Ɓoye Wa Jama'a?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku masu aiki da makamashin nukiliya ba su da haɗari, amma tun da sojoji ne ke riƙe da bayanansu, ta yaya za a gaskata hakan?

Amsa: Shakkarka tana kan hanya, sai dai ya kamata a bambanta haɗarin tukunyar nukiliyar (injin da ke samar wa jirgin makamashi) da haɗarin jirgin kansa. Jirgin Thresher na Amurka ya nutse a watan Afrilun 1963 da mutum 129, kuma binciken rundunar ya fi karkata ga fashewar bututun ruwa, wadda ta jawo tukunyar ta kashe kanta har jirgin ya rasa ƙarfin tasowa. Kursk na Rasha kuwa, wanda ya hallaka mutum 118 a Tekun Barents a watan Agustan 2000, makamin tofido, wanda ake harbawa ƙarƙashin ruwa, ne ya fashe a cikinsa. Inda tukunyar ce ta yi ɓarna shi ne K-19 na Tarayyar Sobiyet a 1961, lokacin da na'urar sanyaya ta ta lalace, ma'aikata takwas suka mutu cikin makonni saboda tururin nukiliya, aka kuma binne labarin kusan shekara talatin.

A nan ne tambayarka ta fi nauyi. Babu mai hankalin da zai nemi a faɗa masa inda jirgi yake ko zurfin da yake iya kaiwa, domin ɓuya ita ce dukkan amfaninsa. Amma a ganina, rufe labarin haɗarin da ya riga ya auku ya fi kare manyan hafsoshi fiye da ƙasa. Rasha ta yi kwana biyu kafin ta sanar da batun Kursk, sannan ta yi jinkirin karɓar taimakon Norway da Birtaniya. Ƙasashen dimokuraɗiyya ma ba su tsira ba, domin sai a 2014 gwamnatin Birtaniya ta shaida wa majalisa matsalar da aka gano tun 2012 a tukunyar gwaji ta jiragen ƙarƙashin teku da ke Dounreay a Scotland, takardun binciken Thresher kuma sai da wani tsohon kwamanda ya kai ƙara kotu kafin aka fara sakin su a 2020.

Abin da ya fi ba ni natsuwa shi ne awon da wasu na daban suke yi, kamar yadda masanan Norway ke bibiyar Komsomolets, jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet da ya nutse a 1989. A 2019 sun tarar yana fitar da sinadarin siziyam mai tururin nukiliya, amma ruwan teku yana tsarma shi nan da nan.