Shin Latin ga Kirista kamar Larabci yake ga Musulmi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, kuma Musulmi. A watan Afrilun 2025 na kalli jana'izar Fafaroma Fransis a talabijin, na ji ana addu'a da wani harshe da aka ce mini Latin ne. Amma maƙwabcina Kirista ya ce su da Hausa da Faransanci suke sujada. Shin da Latin littafinsu ya zo, kamar yadda Alƙur'ani ya zo da Larabci? In haka ne, me ya sa suka bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya, domin zaman maƙwabtaka yana ƙara daɗi idan kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake yi a wurin ibadarsa. A taƙaice, matsayin harsunan biyu ba ɗaya ba ne. Musulmi yana salla da Larabci saboda da shi aka saukar da Alƙur'ani, amma babu littafi ko ɗaya a cikin Littafi Mai Tsarki da aka fara rubutawa da Latin. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta mafi yawansa, Sabon Alkawari da Girkanci, shi kuwa Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi, harshen Aramiya ake yi a ƙasarsa a zamaninsa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne yadda Latin ya shiga majami'a tun farko. Kiristocin farko na birnin Roma da Girkanci suke sujada, sai da talakawan gari suka daina jin sa aka koma Latin, wanda a lokacin shi ne harshen gida da na kasuwa da na barikin soja. A nahiyarmu ma aka riga Roma: Tartuliyan, mutumin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya yi rubuce-rubucen addini da Latin tun wajen shekara ta 200, daga baya kuma Agustin, wanda ya rasu a 430, ya yi wa'azi da shi a Hippo, wato Annaba ta Aljeriya. A shekara ta 382 Fafaroma Damasus ya ɗora wa malami Jerom aikin gyara fassarar Latin, daga wannan aiki ne aka samu fassarar da ake kira Vulgata, sunan da yake nufin wadda ta yaɗu tsakanin jama'a. Ashe dalilin da ya kawo Latin shi ne dai wanda ya sa maƙwabcinka yake sujada da Hausa a yau, wato mai addu'a ya fahimci abin da bakinsa yake faɗa.

Da tafiya ta yi tafiya, Latin na bakin jama'a ya rikiɗe ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Fotugisanci, na cikin majami'a kuwa ya tsaya inda yake. Masu neman gyara irin su Martin Luta, wanda ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, suka mayar da sujada harshen jama'a. Katolika suka riƙe Latin a babban taron shugabannin cocinsu na birnin Trento da ke Italiya, na 1545 zuwa 1563, sannan Fafaroma Piyus na Biyar ya fitar da littafin sujada a 1570, wanda aka bi kusan shekara 400. A tsawon wannan zamani limamin coci yana fuskantar bagade, yana karanta sashe mai yawa na addu'ar da murya ƙasa-ƙasa, jama'a da dama kuma suna bi da zuciya ba tare da sun san ma'anar kalmomin ba.

Sauyi ya zo da babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965. A nan mutane da yawa suke kuskure, domin taron bai soke Latin ba. Takardar da ya fitar ranar 4 ga Disamba 1963 ta ce a ci gaba da kiyaye shi, amma ta buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, daga nan kuma ƙofar ta yi ta faɗi har sabon littafin sujada na Fafaroma Bulus na Shida ya fito a 1970. Har yau asalin littafin da Latin yake, daga gare shi ake fassarawa, kuma a taron da ya haɗa al'ummai da yawa, irin jana'izar da ka kalla, ana komawa gare shi don kada harshen wata ƙasa ya danne na saura. Tsohon tsarin sujada da Latin ma yana da masoyansa: Fafaroma Benedik na 16 ya sassauta musu a 2007, Fransis ya taƙaita a 2021.

Ban raina masu ƙaunar Latin ba, don akwai natsuwa a cikin addu'ar da kakanni suka yi da kalmomi iri ɗaya shekaru aru-aru. Sai dai a ganina, a Nijar muhawarar da ta fi shafar mutane ita ce tsakanin Faransanci da harsunan gida. A babbar majami'ar Katolika ta Yamai ana haɗuwa da ƴan ƙasa da baƙi daga Benin da Togo da Burkina Faso, Faransanci ne yake haɗa su, amma tsohuwar da ba ta shiga lakwal ba, Faransanci da Latin duk ɗaya ne a kunnenta, sai an yi mata da Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci kafin ta ji an yi da ita.

Ka tambayi maƙwabcinka ko wace majami'a yake zuwa. In Katolika ne, Tawa tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001, kuma mai yiwuwa ya san wasu waƙoƙin Latin na ranakun idi. In kuwa daga majami'un da suka samo asali daga mishan ɗin Furotesta na SIM (Sudan Interior Mission) yake, waɗanda suka kafa asibitin Galmi a 1950, to su ba su taɓa sujada da Latin ba, Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932, shi suke karantawa.