Tace ruwan rake da wanke tukunyar jan ƙarfe

Malam, ka tambayi abin da zai sa mazarƙwailarka ta daina fitowa baƙa da datti, da kuma yadda za ka kawar da koren da ke kama tukunyarka ta jan ƙarfe. Ka tace ruwan raken da ƙyalle mai tsabta da zarar an matse shi, ka ɗora a wuta marar ƙarfi, ka zuba ɗan ruwan yauƙin kuɓewa, sannan ka riƙa kwashe kumfar da ke tasowa kafin ya tafasa, domin idan ya tafasa da ita, dattin zai koma ciki. Ita kuwa tukunya, a goge ta da jiƙaƙƙiyar tsamiya da gishiri, a ɗauraye sosai, a busar nan take.

Sharaɗin da na koya a wurin mahaifina a Dadin Kowa shi ne kada ruwan rake ya kwana a cikin jan ƙarfe, saboda yana saurin yin tsami, tsamin kuma shi ke cin ƙarfen ya haifar da wannan koren, wanda guba ne ga ciki. Na taɓa yin ganganci sau ɗaya, dole na zubar da dahuwar gaba ɗaya.