Tambaya da Amsa: Password ɗina yana fitowa ɓaro-ɓaro a allo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne ina koyon Linux, na rubuta ɗan script da zai tambayi password kafin ya yi backup, to duk abin da na danna sai ya fito a allo, ga shi a kafe nake aiki mutane na tsaye a kaina. Na ga umarnin sudo in ya tambayi password ba ya nuna komai, ya ake yin haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. In bash kake amfani da shi abin da sauƙi, rubuta:

IFS= read -rs -p "Password: " kalma; echo

Ita -s ita ke hana abin da ka danna fitowa, -r kuma tana hana read cinye alamar \ in tana cikin password ɗin, echo ɗin ƙarshe don ya sauko layi ne saboda Enter ɗin ma ba ya fitowa.

Amma fa duba layin farko na script ɗinka, in #!/bin/sh ne kuma kana kan Ubuntu ko Debian to wani shell (mai fassara umarni) da ake kira dash ne ke gudu ba bash ba, shi kuwa bai san -s ba, zai ce maka Illegal option. Ko dai ka mayar da shi #!/bin/bash, ko ka sa stty -echo kafin read sannan stty echo bayansa. Nan ne mutane ke shan wuya, mutum ya danna Ctrl+C a tsakiya terminal ya makance, yana ta rubutu ba ya ganin komai har ya ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Don haka ka sa trap 'stty echo; exit 1' INT tun daga sama, don ya dawo da nuna rubutu in an danna Ctrl+C, in kuma ya riga ya faru ka rubuta stty sane a makance ka danna Enter.

Masu son taurari (***) su riƙa fitowa a madadin haruffa  kuwa ni ban ba da shawara ba, suna tona wa na gefenka yawan haruffan. Ko sudo da ke da zaɓin pwfeedback mai nuna su, a 2020 an gano ramin tsaro a ciki sai a sigar 1.8.31 aka toshe.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ka ɓoye shi a allo kar ka je ka jera $kalma a layin wani umarni, duk mai akawun a na'urar zai iya ganinsa da ps, umarnin da ke nuna shirye-shiryen da ke gudu. Ka tura shi ta pipe (alamar |) da printf, in ka gama ka yi unset kalma don goge shi.