Kan maganar rushe soron kakanka

Ɗana, na ji saƙonka. Kana so ka rushe tsohon soron gidanmu na Agadas ka tayar da bulo da kwano, aka ce maka ba dama tun da garin ya shiga kundin UNESCO, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, har kake tambaya ko an ƙwace mana gida ne.

Ba wanda ya ƙwace. Gida na magada ne: ku kwana a ciki, ku saka ɗan haya, gado ya bi hanyarsa yadda shari'a ta tsara. Abin da aka yi a 2013 shi ne sanya tsohon gari, unguwanni 11 da fadar Sarkin Abzin da babban masallaci mai hasumiyar laka ta mita 27, cikin kayan tarihin duniya. UNESCO ba ta da ɗan sanda. Dokar ƙasarmu ta 1997 ta kare kayan tarihi da hukumar gari ne ke riƙe da sanda, kuma siffar gini suke tsarewa. Rushewa, ƙarin bene, sauya fuskar da ke kallon lungu, duk sai da izini.

To amma wannan ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Tun kafin takarda, ba a taɓa soron kaka sai manya sun zauna. Kafin damina mukan kwaɓa laka da ciyawa da kashin jaki, mu bar ta ta ruɓa kwanaki, sannan a yi yaɓe da tafin hannu. Ni ne mai hawa in share indararo, har yau tabon yana gwiwata. Maƙwabta su zo gayya, a dama fura, ba a biyan kowa.

Inda nake jin haushi, takarda ta hana, amma ba ta sayen azarar goruba ko ɗaya, kuma masu gayyar sun watse. Nauyin yana kan mai gida.

Siminti kuwa, ko ba doka ba zan yarda ba. Na taɓa shafa shi a bangon zaure. Ya riƙe danshi, laka ta ruɓe daga ciki, ya ɓantale falle guda.

Ka turo kuɗin bulon, in nemo magini mu duba azarar ɗakin gabas kafin ruwa ya sauka. Ka gai da mai ɗakinka.