Tambaya da Amsa: Ina ma'anar "in spirit, if not in fact"?

Tambaya: Malam, na ci karo da wannan jimla a wata jaridar Turanci: "He was a soldier in spirit, if not in fact." To mutumin soja ne ko ba soja ba ne? Ni dai a sanina "if not" na nufin "in ba haka ba".
Daga wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Malama, ba soja ba ne. Ana nufin yana da zuciyar soja da halin soja, ko da yake bai taɓa sa kaki ba. A nan "if not" ba sharaɗi take kafawa ba, aikin "though not" take yi: marubuci ya amince abu na biyu bai tabbata ba, amma ya tsaya a kan na farko. Haka kuma "spirit" ba ruhi ba ne, balle aljani. Hali ne da manufa.

Inda ake tuntuɓe shi ne "if not" tana da wata fuska. A "many, if not most", ana nufin da yawa, wataƙila ma mafi yawa. Ga yadda za ki rarrabe: cire "if not" ki sa "though not", sannan ki gwada "perhaps even". Wadda ta zauna daidai ita ce ma'anar. Wani lokaci duka biyun kan zauna, kamar "good, if not excellent", musamman idan kalma ta biyu ta fi ta farko ƙarfi a ma'auni ɗaya. A magana murya ce ke raba gardama, a rubuce kuwa babu murya. Shi ya sa a takardar yarjejeniya ko amsar jarrabawa na fi son "though not in fact".

Wajen rubutawa, maimaita "in" a ɓangarorin biyu, ki sa waƙafi kafin "if". Kada ki juya su. Abin da ya tabbata shi ke zuwa farko.

Idan kuma doka ake magana, abokin "spirit" shi ne "letter", wato lafazin doka, kamar yadda aka haɗa su a 2 Korintiyawa 3:6 cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611. Sai ki ji an ce "in spirit, if not in letter": an bi manufar doka, ko da ba a bi lafazinta ba.